Sana'ar Rubuta Manhaja da Asalin Ilmin Kwamfuta

Daga cikin abubuwan da suka rikitar da jama'a a wannan zamani, har da waɗanda suka yi nisa a karatun boko, akwai zaton da ake yi cewa ilmin kwamfuta da sana'ar rubuta manhaja abu guda ne, ta yadda duk wanda ya iya jera wa na'ura umarni har ta yi masa abin da yake so, to ya zama malami a wannan fanni. Waɗansu kuma, galibi daga cikin ma'abota lissafi, sun tafi a kan kishiyar wannan ra'ayi, suna ganin rubuta manhaja aikin ƙwadago ne wanda bai kamaci mai ilmi ya ɓata lokacinsa a kai ba. Kowane ɓangare ya riƙi gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan, kuma babu mai raba wannan gardama kamar tarihi, domin wanda ya bi sawun al'amarin tun daga tushe zai tarar cewa ilmin ya girmi na'urar da ƙarnuka masu yawa, amma bai samu suna da mazauni da almajirai ba sai da wahalhalun sana'ar suka tilasta aka kafa shi.

Tushen al'amarin shi ne abin da masana ke kira algoridim, watau tafarkin hisabi mai matakai sanannu, wanda aka fayyace kowane mataki nasa fayyacewar da ba ta bar wa mai binsa wurin ijtihadi ba, ta yadda ko da bai san hikimar da ta sa aka jera matakan haka ba, muddin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, lalle ne ya isa ga amsa ingantacciya. Uƙlidis, masanin handasa na birnin Iskandariyya, ya rubuta irin wannan tafarki wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, don gano adadi mafi girma da zai raba waɗansu adadai biyu ba tare da saura ba, kuma har yau ana aiki da shi. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda daga sunansa Turawa suka samo kalmar, ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala, inda ya mayar da mas'alolin fannin zuwa nau'i 6, ya ba kowane nau'i hanyar warware shi daki-daki, sa'an nan ya keɓe kaso mai yawa na littafin ga hisabin wasiyya da rabon gado. Ƙasarmu ma ba ta rasa rabo ba, gama Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu da Larabci a kan gina wafaƙin da adadin gidajen kowane layinsa wutiri ne, kuma abin da ya bayar ƙa'ida ce ta zuba lambobi gida bayan gida har kowane layi ya ba da jimla guda, ba tare da lalube ba. Dukansu sun rubuta ne domin ɗan Adam ya bi da alƙalami da tawada.

Tunanin miƙa wa na'ura umarni a rubuce kuwa daga masaƙa ya fito. A birnin Liyon na ƙasar Faransa, a 1804, Joseph-Marie Jacquard ya kammala masaƙar da take karanta zanen da za ta saƙa daga jerin katuna masu huji, in an sauya katunan sai zanen ya sauya alhali masaƙar tana nan yadda take. Charles Babbage, malamin lissafi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya ari wannan hikima a cikin shekarun 1830, ya tsara wata na'urar hisabi mai ma'ajin lambobi daban da wurin sarrafa su daban, wadda katuna za su riƙa gaya mata abin da za ta yi. Har ya rasu a 1871 ba a gina ta ba. Amma a 1843 Ada Lovelace ta fassara maƙalar da wani injiniya Ba'italiye, Luigi Menabrea, ya rubuta a kan na'urar, ta ƙara mata ta'aliƙin da ya fi matanin tsawo nesa ba kusa ba, a ciki ta jera yadda na'urar za ta fitar da waɗansu lambobi da ake jingina wa Bernoulli, ta kuma hango cewa na'ura irin wannan za ta iya sarrafa duk abin da ake iya wakilta da alamomi, har da sautin kiɗa.

Kusan ƙarni guda bayan wannan, al'amarin ya sake ɓullowa ta wata ƙofa dabam, watau ƙofar manɗiƙi. A 1928 David Hilbert na Jami'ar Gottingen a Jamus ya gabatar wa masana tambaya: shin akwai tafarki guda wanda, in aka ba shi kowace irin da'awa da aka rubuta da alamomin manɗiƙi, zai yanke hukunci bayan matakai masu iyaka ko tana da burhani ko ba ta da shi? Mai son ya amsa da cewa babu, wajibi ne ya fara yi wa kalmar tafarki haddi jami'i mani'i, abin da ba wanda ya taɓa yi tun zamanin Uƙlidis. A 1936 mutum biyu suka yi shi, kowa ta hanyarsa: Alonzo Church a Princeton ta Amurka, da Alan Turing, wani saurayi a Kambirij. Turing ya suranta wata na'ura a zuci, mai dogon tsiri da aka raba gida-gida, da wani kai da ke karanta alamar da ke gida ɗaya, ya goge ta ko ya rubuta wata, ya matsa dama ko hagu bisa jadawalin ƙa'idojin da aka ba shi. Da wannan sura mai sauƙi ya tabbatar da abu biyu. Na farko, akwai na'ura guda wadda in aka rubuta mata siffar kowace na'ura a kan tsirinta za ta yi aikin waccan, kuma wannan shi ne haƙiƙanin kwamfuta da manhaja. Na biyu, akwai tambayoyin da babu tafarkin da zai iya yanke musu hukunci har abada, kuma daga nan ya lizimta cewa ba za a taɓa samun manhajar da za ta duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta ƙare aikinta ko za ta dawwama tana zagaye ba. Ashe an san iyakar kwamfuta wajen shekara 10 kafin a ƙera ta.

Ita kuwa sana'ar, yaƙi ne ya haife ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amurka suna bukatar jadawalin harbin igwa, kuma mata masu ilmin lissafi ne suke hisabinsa da hannu a Jami'ar Pensilbaniya. Domin gaggauta wannan aiki aka gina ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a watan Fabrairu na 1946, mai kwalaben lantarki kusan 18,000 da nauyin kimanin tan 30. Aka zaɓi mata 6 daga cikin masu hisabin, su ne Kay McNulty da Betty Jennings da Betty Snyder da Marlyn Wescoff da Fran Bilas da Ruth Lichterman, aka ɗora musu nauyin shirya na'urar ga kowace mas'ala, alhali babu harshe, babu littafin koyo, babu malamin da ya gabace su. Zanen wayoyin na'urar aka miƙa musu, suka yi ta nazari har suka san ta ciki da waje, suna jona wayoyi suna murɗa makunnai kwana da kwanaki kafin mas'ala ɗaya ta shiryu. Ɗaukaka a wancan zamani ta maƙera na'urar ce, ana ganin shirya ta aikin akawu ne, shi ya sa sunayen waɗannan mata ba su shahara ba sai bayan shekaru masu yawa.

Ba a daɗe ba gaskiya ta bayyana cewa aikin ya fi ƙarfin yadda aka ɗauke shi. A watan Yuni na 1945 John von Neumann ya rubuta rahoton da ya bayyana tsarin ajiye umarni a cikin ma'aji guda tare da lambobin da ake sarrafawa, ta yadda sauya aikin na'ura zai zama sauya rubutu kawai. A ranar 21 ga Yuni, 1948, wata ƙaramar na'ura a Jami'ar Manchesta ta gudanar da manhaja mai umarni 17 da aka ajiye a cikinta, ta nemo adadi mafi girma da ke raba 262,144, ban da shi kansa, a cikin minti 52. A watan Mayu na 1949 kuma EDSAC ta fara aiki a Kambirij ƙarƙashin Maurice Wilkes. Shi Wilkes ya ba da labari daga baya cewa tun a waɗannan watanni na farko ya fahimci kaso mai yawa na sauran rayuwarsa zai ƙare ne wajen neman kurakurai a cikin manhajojin da shi da kansa ya rubuta, domin na'ura ba ta san niyyar marubuci ba, lafazinsa kaɗai take bi. A 1951 shi da David Wheeler da Stanley Gill suka fitar da littafi na farko a kan wannan sana'a, suna koyar da tara gutsattsarin umarni da aka riga aka jarraba domin a riƙa ɗaukowa ana amfani da su. Duk da haka sana'ar ba ta da suna a idon hukuma: sa'ad da Edsger Dijkstra ya je ɗaurin aurensa a Amsterdam a 1957 ya ce aikinsa rubuta manhaja ne, ma'aikatan rajista suka ƙi karɓa, wai babu sana'a mai wannan suna, sai da ya koma ga shaidar karatunsa na ilmin fiziya.

Mahaɗar farko tsakanin sana'a da ilmi ita ce harshe. Rubuta umarni da lambobin na'ura aiki ne mai cin rai da yawan tuntuɓe, saboda haka Grace Hopper ta fara, a 1952, sa na'urar kanta ta harhaɗa umarninta daga taƙaitattun alamomi, sa'an nan John Backus da jama'arsa a kamfanin IBM suka fitar da FORTRAN a 1957, harshen da injiniya zai rubuta hisabinsa kusan yadda ya saba rubutawa a takarda, wata manhaja mai aikin tafinta ta juya shi zuwa lambobin na'ura. Tsofaffin gwanaye sun yi shakka ƙwarai cewa tafintan zai kamo ƙafar abin da suke rubutawa da hannu, amma ya kusa kamowa, kasuwa kuwa ta bi shi. To, a nan ne tambayoyin ilmi suka taso, domin tafinta ba ya aiki sai an iyakance masa wace jimla ce halattacciya a harshen, wace ce kuma lahani. A 1956 Noam Chomsky, masanin harsunan 'yan Adam, ya kasa nau'o'in nahawu bisa ƙarfinsu; Backus da Peter Naur kuma suka tsara hanyar rubuta nahawun harshen ALGOL na 1960 da ƙa'idoji ƙididdigaggu, sai aka ga hanyarsu ta dace da ɗaya daga cikin nau'o'in Chomsky. John McCarthy shi ma, da ya ƙirƙiro LISP a 1958, alamomin Church ya aro. Ɗalibin Larabci ba zai yi mamakin wannan jeri ba, domin Larabawa sun yi fasaha tun kafin Sibawaihi na Basra ya tattara Alkitab, kuma ba a ji bukatar nahawu ba sai da lahani ya yawaita a bakunan mutane. Amma bayan an tattara shi, ba wanda ya isa ya kira kansa malamin harshe ba tare da shi ba.

Jami'o'i sun yi jinkirin buɗe ƙofa. Kambirij ta fara ba da difloma a fannin a 1953, Jami'ar Purdue ta Amurka ta kafa sashe mai zaman kansa a 1962, Stanford kuma a 1965, alhali malaman lissafi da na injiniyancin lantarki kowa yana iƙirarin cewa sabon fannin reshe ne na nasa, waɗansu ma suna cewa ba a gina ilmi a kan kayan aiki. A 1967 Allen Newell da Alan Perlis da Herbert Simon suka mayar da martani a rubuce, suna kafa hujja da cewa duk inda aka samu al'amura masu yawa masu sarƙaƙiya, kamar yadda aka samu a kewayen kwamfuta, to ilmin da zai bayyana su ya halatta.

A daidai wannan lokaci sana'ar ta shiga ƙunci. Na'urori sun ƙara ƙarfi, manhajoji sun kumbura daga ɗaruruwan layuka zuwa dubban ɗaruruwa, ayyuka suna wuce wa'adi suna cinye kuɗi, in an kammala su kuma a same su cike da aibi. Frederick Brooks, wanda ya shugabanci aikin manhajar OS/360 ta IBM, ya rubuta a 1975 cewa ƙara ma'aikata a kan aikin manhaja da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, saboda sababbin sai an koya musu, kuma hanyoyin tuntuɓar juna suna ninkuwa. A watan Oktoba na 1968 masana kimanin 50 suka taru a Garmisch ta Jamus suka yi iƙirari da wannan ƙunci a fili, suka yi kira da a mayar da rubuta manhaja injiniyanci mai ƙa'ida. A wannan shekara Dijkstra ya yi gargaɗi a kan umarnin da ke sa na'ura ta yi tsalle daga wani wuri na manhaja zuwa wani ba tsari, domin yana hana mai karatu bin zaren ma'ana; a ita kuma Donald Knuth ya fitar da juzu'i na farko na babban littafinsa, inda ya auna tafarkuna da ma'aunin lissafi amma ya kira aikin fasaha. A 1969 Tony Hoare ya shimfiɗa ƙa'idojin da za a iya kafa burhani da su cewa manhaja tana yin abin da aka ce tana yi, domin jarrabawa, kamar yadda Dijkstra ya sha nanatawa, tana iya nuna samuwar kuskure amma ba ta iya tabbatar da rashinsa.

Amfanin wannan ilmi ga mai sana'a ya fi fitowa a wajen auna tsadar tafarki. A ce an ba mutum biyu sunaye miliyan 1 su jera bisa tsarin haruffa. Wanda ya sa na'ura ta gwada kowane suna da kowane zai bukaci gwaji kusan biliyan 500; wanda kuwa ya san tafarkin da von Neumann ya rubuta a 1945, na raba jerin biyu-biyu a jera kowane rabi sa'an nan a gwama su, gwaji kimanin miliyan 20 ya ishe shi. Duka manhajojin biyu sahihai ne, kuma gwanintar harshe ba za ta nuna wa na farko inda ya yi hasara ba. Akwai kuma mas'alolin da har yau ba a san musu tafarki mai sauri ba, kamar ta falken da ke neman gajeriyar hanyar da za ta zaga da shi garuruwa ta komo da shi gida: in garuruwan 10 ne hanyoyin 181,440 ne, in sun kai 15 sai su haura biliyan 43. Stephen Cook a 1971 da Richard Karp a 1972 suka nuna cewa tarin mas'aloli irin wannan ɗaure suke da juna, in an samu tafarki mai sauri ga ɗaya an samu ga duka, kuma tun 2000 akwai ladan dala miliyan 1 ga wanda ya tabbatar ko akwai shi ko babu.

Haka aka ci gaba ana cuɗanya, kowane ɓangare yana ciyar da ɗan'uwansa. Edgar Codd ya ɗauko manɗiƙi a 1970 ya gina tsarin rumbun bayanai da bankuna da ma'aikatu suke dogara da shi a yau. Ilmin ɓoye saƙo, wanda Alkindi ya yi rubutu a kan warware shi ta ƙidayar haruffa a Bagadaza tun ƙarni na 9, ya samu sabon tushe a 1977 sa'ad da Rivest da Shamir da Adleman suka kafa shi a kan wahalar gano adadan da aka ninka aka samu wani babban adadi. Ta ɗaya gefen kuma, Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka gina manhajar Unix tun daga 1969 da hannuwansu, sun karɓi lambar Turing a 1983, wadda ita ce mafi girman lambar yabo a fannin, shaida ke nan cewa ilmin ya yarda akwai abin da ba ya sanuwa sai ta ginawa. Inda aka raba su kuwa, hasara ce ke biyowa: roket ɗin Ariane 5 ya tarwatse a ranar 4 ga Yuni, 1996, kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinsa, domin an ɗauko manhajar da ta yi aiki lafiya a Ariane 4 ba tare da an sake binciken sharuɗɗan da aka gina ta a kai ba, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa.

Saboda haka nasihar da wannan tarihi ke yi wa ɗalibanmu da malamansu a bayyane take. A fara da hannu, domin wanda bai taɓa kwana yana neman kuskure a cikin manhajarsa ba, ba zai san darajar burhani ba. Amma kada a tsaya a nan, domin harsuna suna zuwa suna wucewa, ALGOL da ya mallaki jami'o'i a zamaninsa yau kusan ba mai rubutu da shi, alhali usulan da aka fitar daga gare shi suna nan cikin harsunan da suka gaje shi. Wannan nasiha ta ƙara nauyi yanzu da na'urori suka fara rubuta manhaja da kansu, gama abin da Turing ya tabbatar bai tashi ba: babu tafarki guda da zai yanke hukunci a kan halin kowace manhaja. Fayyace abin da ake nufi, da auna tsadar hanyar da aka bi, da kafa hujjar cewa abin da aka rubuta ya dace da abin da aka nufa, amana ce da ta rage a wuyan ɗan Adam, kuma wajibi ne makarantunmu su yaye mutanen da suka haɗa sana'ar da ilminta, waɗanda za su iya ɗaukar wannan amana.